NA'URAR WANKIN JINI: ABIN DA TAKE IYAWA DA ABIN DA YA FI ƘARFINTA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni kowane mako, domin in yi wa 'yan'uwana masu karatu bayani, musamman na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, da maƙwabtanmu na Babura, a kan wani abu da sunansa ya cika bakin jama'a, amma kaɗan ne suka san yadda yake. Watau na'urar nan da ake kira ta wankin ƙoda.

Magana iri biyu nake ji game da ita a ƙasarmu. Waɗansu sun ce duk wanda likita ya ambata wa wankin ƙoda, sai danginsa su nemi likkafani, saboda haka da sun ji an ambace shi sai su ɗauke majinyacinsu su koma gida. Waɗansu kuwa sun ɗauka kamar wankin riga ne, in an yi sau ɗaya ko sau biyu shi ke nan ƙoda ta koma sabuwa, saboda haka sai su sayar da gona da shanun huɗa suna jiran warkewa. Duka biyu ba su san abin ba, kuma rashin sanin nan yana cin rai, yana cin dukiya. Ni ba likita ba ne, akawu ne, amma abin da masu ilmin suka tabbatar ba ɓoyayye ba ne, lissafi kuwa sana'ata ce.

Da fari dai, sunan ma yana ruɗin mutane. Ba a taɓa ƙodar, balle a wanke ta. Jini ake wankewa, domin ƙodar ta kasa wanke shi da kanta.

Allah ya halicci ɗan'adam da ƙoda biyu, can bayan ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. A cikin kowace akwai 'yan ƙananan matatai wajen 1,000,000, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Jinin babban mutum duka bai wuce kimanin lita 5 ba, amma a kowane minti guda wajen lita 1 ke ratsa ƙodojin nan. A yini da kwana sukan tsamo ruwa daga cikin jini kimanin lita 180, watau cikin garwar kananzir 10, sa'an nan su mayar da kusan dukansa cikin jiki, su zubar da lita 1 da rabi ko 2 kaɗai, shi ne fitsari. A cikin ɗan wannan da suka zubar ne dauɗar jiki ke fita, da gishirin da ya yi yawa, da ruwan da jiki ba ya bukata. Kadan ƙoda ta tsaya, sai dauɗar ta taru. Fuska da ƙafafu su kumbura, abinci ya ƙi ciwuwa, amai da ƙaiƙayi da kasala su zo, ruwa ya taru a huhu numfashi ya yi wuya, daga bisani hankali ya gushe. Akwai kuma wani irin gishiri da likitoci ke kira fotasiyam, wanda in ya yi yawa cikin jini yakan tsayar da zuciya farat ɗaya.

To, ga yadda na'urar ke aiki. Ka ɗauki gishiri ka ƙulle a tsumma, ka tsoma cikin ƙwaryar ruwa. Ba ka kwance ƙullin ba, amma bayan ɗan lokaci ruwan ya yi zartsi, gama gishirin ya ratsa ƙofofin tsumman ya fita. In da akwai tsakuwa cikin ƙullin, tana nan ba ta fita, don ta fi ƙofofin girma. In kuwa kana zubar da ruwan kana sake sabo, a kwana a tashi ba sauran gishiri a tsumman. Wannan ita ce hikimar duka. Wani masani mutumin Sikotilan, Thomas Graham, shi ya bayyana ta a shekarar 1861, ya ba ta sunan da likitoci ke kiranta da shi har yau, watau dayalisis.

Zuciyar na'urar wani bututu ne na roba, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. An cika shi da zarurruka masu rami a ciki, sirara kamar gashi, wajen 10,000 ko fiye. Famfo yakan jawo jini daga jikin majinyaci ya tura shi ta cikin ramukan zarurrukan, ruwan magani mai tsabta kuwa yana gudu ta bayansu, yana fuskantar inda jinin ya fito. Jini da ruwan ba sa gauraya. Dauɗa da gishirin da ya yi yawa su ke ratsa bangon zaren su bi ruwan, ƙwayoyin jini kuwa, kamar tsakuwar nan ta cikin ƙulli, sun fi ƙofofin girma, sai su wuce su koma jiki ta wani bututun. Ana sa wani magani mai suna hefarin don kada jinin ya daskare a hanya. Zama guda yakan ci awa 4, ya kuma sha ruwa wajen lita 120, kusan garwa 7, wanda dole sai an tace shi ya fi ruwan sha tsabta nesa ba kusa ba. Ga kuma lantarki da ba a son ya ɗauke, ga ma'aikatan jinya da aka horar musamman. Shi ya sa ba a iya ajiye na'urar a kowane ɗakin shan magani na ƙauye.

Ba rana ɗaya aka kai ga wannan ba. A shekarar 1913 wani likita a Amurka, John Abel, da abokan aikinsa biyu suka gwada tace jinin dabbobi. Abin da suka hana jinin daskarewa da shi kuwa, daga jikin matsattsaku suka samo shi, irin wannan da ke maƙale wa yaranmu a ƙafa in sun shiga tafki. A shekarar 1924 wani Bajamushe, Georg Haas, ya fara gwadawa a jikin mutum, amma bai sami ceto kowa ba. Wanda Allah ya ba nasara shi ne Willem Kolff, wani likita na ƙasar Holan. A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, sojan Jamus sun mamaye ƙasarsa, kayan aiki sun yi wuya, ya sa aka ƙera masa ganga ta katako, ya naɗe ta da wata irin fata mai shara-shara wadda mahautan ƙasarsu ke ɗura niƙaƙƙen nama a ciki. Jini na bi ta cikin fatar, gangar tana juyawa cikin kwamin ruwan gishiri. Majinyatansa na farko, fiye da goma, kusan duk suka rasu. Bai fid da rai ba. A watan Satumba na 1945 aka kawo masa wata tsohuwa mai shekara 67, ƙodarta ta tsaya, ta fita hayyacinta. Ya ɗora ta a kan na'urar, ta farfaɗo, ƙodarta ta ci gaba da aiki, ta ƙara shekaru a duniya.

Jama'a, ku lura da labarin tsohuwar nan da kyau, gama a nan maganata take. Na'urar ba ta gyara mata ƙoda ba. Riƙe ta ta yi, ta hana dauɗa kashe ta, har ƙodar ta huta ta tashi don kanta. Ciwon ƙoda iri biyu ne, kuma bambancinsu kamar na rijiyar da ƙasa ta rufta mata ne da rijiyar da idonta ya ƙafe. Ta farko in an yashe ta ruwa zai dawo. Ta biyu ko an shekara ana yasa, sai dai a riƙa kawo ruwa daga wani wuri.

Iri na farko shi ne wanda ke faɗo wa mutum kwatsam, jiya lafiya lau, yau fitsari ya ɗauke. Abubuwan da ke kawo shi duk mun san su a ƙasar nan: amai da gudawa da ke tsotse ruwan jiki, zubar jini mai yawa wajen haihuwa, jijjigar masu ciki, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, musamman ga yara, saran kububuwa, da shan wani abu mai guba. Masu karatu za su tuna da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda a ƙarshen 2008 da farkon 2009 ya hallaka yara fiye da 80 a Nijeriya ta hanyar tsayar musu da ƙoda, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi. Irin wannan ya sake faruwa a ƙasar Gambiya a 2022, inda yara wajen 70 suka rasu bayan shan maganin tari. A wannan iri na farko, sau da yawa ƙarin ruwa da magani kaɗai sun isa, in an zo da wuri. In kuwa abin ya kai ga na'ura, yawanci 'yan zama kaɗan ne cikin kwanaki ko makonni, da yawa kuma sukan tashi su koma gonarsu, ba su sake ganin na'urar ba. To, ina amfanin a ɗauke mai jego 'yar shekara 20 daga asibiti a mayar da ita ƙauye, don kawai an ji kalmar wanki an tsorata? Wanda ya ga majinyacinsa ya yini ya kwana bai yi fitsari ba, ko ɗan kaɗan yake yi, kada ya jira ranar kasuwa, ya nufi asibiti a ranar.

Iri na biyu shi ne mai shigowa a hankali kamar gara cikin azara. Manyan masu kawo shi su ne hawan jini da ciwon sukari, sa'an nan kumburin matatan ƙoda, da sikila, da toshewar hanyar fitsari ga dattawa, da tsargiya wadda yaranmu ke ɗauka wajen wanka a dam da tafkuna, in ta daɗe ba a yi magani ba. Mugun halinsa shi ne ba ya faɗakarwa. Mutum yakan rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa yana noma, yana cin kasuwa, bai ji kome ba. Ranar da kumburi ya bayyana, sau da yawa aikin gama ya gama. A wannan iri, in ya kai matuƙa, ƙodar ba ta tashi. Na'ura za ta riƙe mai shi, sau 3 kowane mako, muddin ransa, ko kuwa har ya sami dashen wata ƙodar.

Da can ma ba a iya yi wa irin waɗannan kome, domin kowane zama sai an yanka jijiya, ba a daɗewa jijiyoyin su ƙare. Sai a 1960 wani likita a birnin Siyatil na Amurka, Belding Scribner, ya ƙago wani ɗan bututu da ake bari a hannu, majinyacinsa na farko ya rayu shekara 11 da shi. A 1966 kuma waɗansu likitoci a Niyok suka gano dabarar haɗa jijiya biyu a ƙarƙashin fatar hannu, wadda ake amfani da ita har yanzu. Amma da aka warware matsalar jijiya sai ta kuɗi ta taso. A Siyatil ɗin nan, a 1962, masu bukata sun fi na'urori yawa, har aka naɗa kwamitin mutanen gari su riƙa zaɓen wanda za a ɗora da wanda za a bari. Abin ya dami mutanen ƙasar ƙwarai, har a 1972 Gwamnatin Amurka ta yi doka ta ɗauki nauyin biyan kuɗin. In mutanen Amurka da arzikinsu sun ga gida ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan kaya, ina ga manomin Gwiwa?

A Nijeriya an fara wankin jini a asibitin koyarwa na Ikko a 1981. A nan kusa da mu kuwa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya daɗe yana yi, har ya fara dashen ƙoda a 2002. Yanzu bari in yi muku lissafi irin namu na akawuna. Sau 3 a mako, mako 52, ya zama zama 156 a shekara. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar rage kuɗin zama guda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a waɗansu asibitocinta, abin godiya ne. A kan tsohon kuɗin, shekara guda ta tashi naira 7,800,000. A kan sabon, naira 1,872,000. Mafi ƙanƙantar albashi da aka yanka a 2024 kuwa naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. Ashe ko da rangwamen, kuɗin wankin ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara sau biyu da ɗori. Ban sa kuɗin mota ba, daga Kazaure zuwa Kano kuwa kamar mil 50 ne, mutumin Babura sai ya biyo ta Dambatta, na Roni da Gwiwa sai sun fara fitowa babbar hanya. Ban sa kuɗin ɗan rakiya ba, da magunguna, da gwaje-gwaje, da ƙarin jini, da aikin gona da ya tsaya. Ko a Kano na'urar take, ko a cikin garin Kazaure, ko kuɗi ake biya, ko kyauta ake yi, kwana 3 cikin kowane 7 na mai gida sun tafi.

Har wa yau, kada a zaci na'urar ta maye gurbin halittar Allah. Ƙoda tana aiki awa 168 a mako ba hutu, na'ura awa 12. Abin da take tacewa bai fi kashi 1 cikin 10 na aikin lafiyayyun ƙodoji ba, ko ɗan fiye. Ƙoda kuma tana da waɗansu ayyuka da na'ura ba ta san su ba: ita ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jini, ita ke taimakon ƙashi ya yi ƙarfi. Don haka ne mai wanki ke fama da ƙarancin jini, ana auna masa ruwan da zai sha, ana hana shi waɗansu abinci. Duk da haka akwai waɗanda suka yi shekaru masu yawa a kanta suna aikinsu, suna renon 'ya'yansu, in sun sami zama cikakke. Abin da ke kashe namu shi ne a yi zama 2 ko 3, kuɗi su ƙare, a dakata sai an sayar da wani abu. Saboda haka shawarata ga dangi, kafin a kira dillalin gona, a tambayi likita a fili: wane iri ne cikin biyun nan, kuma zama nawa ake tsammani? In na farko ne, a yi ta maza, kome za a sayar a sayar, rai ya fi gona. In na biyu ne, a zauna a yi shawara ta dogon zango, a nemi inda Gwamnati ta yi rangwame ko ta ɗauke kuɗin, a tambayi batun dashe. A kuma sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jikin mutum, ƙoda kyauta ake bayar da ita.

Amma, 'yan'uwa, akwai waɗansu na'urori biyu da suka fi wannan arha nesa, kuma a ganina su ƙasarmu ta fi bukata. Ɗaya ita ce ma'aunin hawan jini da ake ɗaura wa a damtse. Ɗayar kuwa ɗan tsinken takarda ne da ake tsomawa cikin fitsari, launinsa ya sauya in ƙoda ta fara yoyo ko sukari ya yi yawa. Minti 5 sun isa a yi duka biyu. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko ya wuce, an kuma maimaita an sami haka, yana da hawan jini ko da ba ya jin ciwon kai, kuma in ya riƙe magani kullum yana iya kare ƙodarsa shekaru da yawa. Kuɗin zama guda na wanki ya isa a auna mutanen unguwa guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sauran abin da ke hannunmu ba wuya gare shi ba. A rage gishiri da dunƙulen miya, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi. Masu noman rani da 'yan ga-ruwa da maƙera da masu fasa dutse, waɗanda ke yini cikin zafin bazara, su riƙa shan ruwa tun ƙishirwa ba ta kama su ba. A yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da haɗin nan da ake ƙulla wa leburori a leda kowace yamma, domin yawan shansu yana cin ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika a kasuwa, wanda mai sayarwa kansa bai san ma'auninsa ba, da mayukan sauya launin fata. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi a ba shi maganin tsargiya, kada a ce alamar girma ce. Mai ciki ta je awo. Wanda ya ga fitsarinsa na yawan kumfa, ko fuskarsa na kumbura da safe, ya je a duba shi.

Ina roƙon malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku da jama'a ke jin maganarku fiye da ta kowa, ku sa wannan cikin wa'azi, ku gaya wa mutane neman magani da wuri bai saɓa wa tawakkali ba. Malaman makaranta ku koya wa yara aikin ƙoda da misalin ƙullin gishirin nan, su kai gida. Mu akawuna kuwa, da muke yini a kan kujera, hawan jini ya fi son irinmu, sai mu fara miƙa namu damtsen. Ina kuma roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, su sa a riƙa kafa tebur guda a kowace babbar kasuwa ran cinta, da ma'aikacin lafiya guda, da ma'auni, da tsinken fitsari, da littafin rubuta sunan wanda aka samu da alama don a bi sawunsa. Ranar Alhamis ta biyu ga watan Maris, wadda duniya ta keɓe don tunawa da ƙoda tun 2006, ta dace a fara da ita. Gwamnati kuma, duk inda ta ajiye na'urar wanki, ta tabbatar da ruwa da wuta da ma'aikata, ta kuma sa masu ciwon kwatsam, mata masu jego da yara, a gaban layi, kada rashin kuɗin zama 3 ko 4 ya sa a rasa wanda zai warke sarai.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Kazaure.